Ciyawar ruwa gonar kifi ce, amma a san wadda za a bari

Ƴan uwa manoma, masunta da iyayen yara na Ɗan Issa da kewaye, a wannan karo shafinmu na lafiya da noma zai shiga cikin ruwa. Kowace damina, idan Gulbin Maraɗi ya kawo, tabkuna da kududdufai sukan cika, kafin wata ɗaya kuma ciyayi sun rufe bakinsu. Yawancinmu ba mu kula da waɗannan ciyayi sai ranar da suka riƙe koma, ko suka hana dabbobi isa ga ruwa. Alhali kuwa suna da hannu a abu biyu da suka shafe mu duka: yawan kifin da za mu kama da rani, da yawan yaranmu da za su yi fitsarin jini.

Gani ya kori ji, amma abin da ke faruwa a ƙarƙashin tabki ido ba ya kai masa. Saboda haka za mu fara da wani ɗan ƙaramin tabki wanda ake iya ganin cikinsa ta kowane gefe.

TSIRON TAKOBI A AKWATIN GILASHI

Wanda ya taɓa zuwa manyan birane kamar Yamai ko Kano, wataƙila ya ga akwatin gilashi cike da ruwa a wani otel ko a gidan mai hali, ƴan kifaye masu launi suna yawo a ciki. Kifin kallo ne, ba a cin shi. Masu wannan sha'awa suna dasa tsirrai a cikin akwatin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a duniya shi ne wanda suke kira takobin Amazon, domin ganyensa dogo ne mai tsini kamar ruwan takobi. Masana suna kiran danginsa Ekinodorus. Asalinsa fadamu da bakin gulaben nahiyar Amurka ne, musamman ta Kudu.

Mun san yadda ake zaɓen irin hatsi a cibiyar INRAN ta Tarna, kusa da Maraɗi, don a samu ingantaccen iri. Haka masu lambuna a Jamus da Danmak suka yi ta haɗa irin wannan tsiro, har suka fitar da mai jan ganye da ake kira Rubin, da mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa da ake kira Ozelot. Irin waɗannan, da ƴaƴan da suka fito a jikin uwa ake yaɗa su, kamar yadda muke dashen rogo ko dankali, don kada kamanninsu su sake.

Ga yadda masu kiwon suke kula da shi. Suna shimfiɗa yashi mai kauri ko ƙananan tsakuwa a ƙasan akwatin, zurfin santimita 5 zuwa 8, domin tsiro ne mai ci da saiwa. Suna binne ƴan curin laka masu taki a gindinsa. Wajen dashe, saiwa kawai ake binnewa, a bar wuyan tsiron a waje; idan aka binne wuyan, sai ya ruɓe. Yana son haske na awa 8 zuwa 10 a yini, da ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 22 da 28. Idan sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, galibi sinadarin ƙarfe ne ya yi masa kaɗan. A makonnin farko tsofaffin ganyaye sukan mutu, saboda a lambu ganyensa a sarari ya tashi. Mai haƙuri zai ga sababbi sun fito waɗanda suka saba da ruwa. Idan ya kama, yakan kai tsawon santimita 40 zuwa 50, ya miƙo wani dogon kara mai ƴaƴa a jikinsa. Ɗan da ya yi ganye huɗu ko biyar da saiwa, a yanke shi a dasa. Kowane mako kuma a kwashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo.

Ba mu kawo wannan bayani don mu ce kowa ya sayi akwatin gilashi ba. Mun kawo shi ne saboda darussa uku da ake gani ƙarara a cikinsa.

DARUSSA UKU

Na farko: tsiro shi ke ba ruwa iska. Idan haske ya bugi ganyen takobi sosai, akan ga ƴan ƙananan kumfa suna tashi daga jikinsa. Iskar shaƙa ce, wadda masana ke kira oksijin, kuma ita kifi ke zuƙa daga cikin ruwa. Da dare aikin yakan juya: tsiro ya daina bayarwa, ya koma shaƙa tare da kifi. Don haka iskar ruwa ta fi yawa da la'asar, ta fi ƙaranci da asuba. Ruwan zafi kuma bai riƙe iska kamar na sanyi: lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9 a digiri 20, amma wajen 7 da rabi kawai a digiri 30. Ga dalilin da ya sa da bazara ake samun karfasa ta taso saman ruwa da sassafe tana buɗe baki, wani lokaci a wayi gari ta mutu da yawa. Tarwaɗa da gaiwa sukan tsira, domin Allah ya ba su ikon shaƙar iskar sarari.

Na biyu: taki idan ya yi yawa, cuta ne. A cikin akwati, idan aka cika ba kifi abinci ko aka bar haske ya wuce kima, gansakuka ce ke rufe gilashi da ganye. Haka tabki yake. Kashin dabbobi, ruwan wanki, da takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, duk abinci ne ga ciyawa. Kaɗan daga ciki yana sa ruwa ya yi kore, karfasa ta samu abin ci. Mai yawa kuwa yana haifar da ciyawar da za ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar ruwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na uku: tsiro mai kyau ma sai an rage shi. Takobin da aka bari ba yanka yakan cika akwati, ya yi wa na ƙasa da shi inuwa har su mutu. Mai akwati yana aikinsa da almakashi. Mu namu da lauje da manjagara ne.

CIYAYIN RUWANMU

Tabkin Madarunfa shi ne babban ruwan gundumarmu. Idan ya cika yakan kai wajen hekta 800, ya ja baya sosai da rani. Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ne ke shayar da shi, kaburburan waliyyai 99 suna kewaye da shi, kuma a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan gulbin, a ƙarshen shekarun 1980, yawan ruwan da ke iso mana da lokacin isowarsa sun sake. Ruwan da ya ragu ya fi bukatar kulawa. Bari mu duba ciyayin da muka saba gani a tabkunan ƙasarmu.

Bado aboki ne. Saiwarsa a ƙasa take, ganyensa yana yi wa kifi inuwa da tsakar rana, ƙananan kifaye suna ɓuya a ƙarƙashinsa daga manya da tsuntsaye. Dattawa sun san yadda ƴaƴansa da gindinsa suka riƙe mutane a shekarun yunwa. A bar shi, a dai hana shi rufe tabki duka.

Burgu, inda ake samun shi, abinci ne mai kyau ga shanu, kuma a cikinsa kifi ke renon ƴaƴansa lokacin da ruwa ya hau. Yanka shi ake yi, ba tuge shi ba.

Kainuwa, dashen Allah, ba ta da saiwa a ƙasa. Inda iska ta kai ta nan take. Idan kaɗan ce babu laifi. Idan ta shimfiɗu ta rufe fuskar ruwa, rana ba ta shiga, tsirran ƙasa su mutu, iska ta ƙare. Akwai kuma wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a jikin saiwarta tana shaƙar iska daga can, ba ta ko tasowa sama.

Kacalla ita ce mai cin ƙasa. Tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Maƙwabtanmu na fadamun Haɗeja da Nguru a Nijeriya sun ga aikinta: bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sake, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama makwancin jan-baki mai cin hatsi. Ana rufin ɗaki da ita, ana saƙa, amma amfaninta bai kai ɓarnarta ba idan aka sake mata. Maganinta a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nitse. Idan bai samu iska ba sai ya mutu.

Akwai kuma ciyawa mai laushi da ke zaune a cikin ruwa, ba ta fitowa sama, mai ganye siri-siri kamar gashi. Ku riƙe ta a zuci, za mu komo kanta.

BAƘUWAR DA TA ƘI TAFIYA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Akwai baƙuwar da ta ƙaryata wannan magana. Daga ƙasar da takobin Amazon ya fito, daga can wata ciyawa ta fito, wadda ma'aikatan gandun daji ke kira jasent da Faransanci. Tana yawo a kan ruwa kamar kainuwa, amma ganyenta mai sheƙi ne, karan ganyen a kumbure, furenta shuɗi-shuɗi mai ban sha'awa. Wannan fure ne ya yaudari mutane. Don ado aka ɗauke ta a ƙarni na 19 aka kai ta lambunan ƙasashe dabam-dabam, daga lambu ta faɗa gulbi.

A shekarun 1950 ta mamaye kogin Kwango da kogin Nilu na Sudan. A 1984 ta bayyana a ruwan Legas. A ƙarshen shekarun 1980 ta shiga kogin Kwara a ƙasarmu, mutanen Yamai suka riƙa ganin ta tana wucewa tuli-tuli, haka kuma a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka. Inda ta samu ruwa mai ɗumi da taki, cikin mako biyu takan ninka kanta. Irinta kuma yakan kwanta a laka shekara 20 bai mutu ba. Tana hana jirgin masunta wucewa, tana toshe injin ban ruwa, tana kashe kifi. Ƙasashe sun kashe kuɗi masu yawa a kanta, har da kawo wasu ƙwari daga ƙasarta ta asali don su ci ta. An rage ta, ba a kawar da ita ba.

Ɗan Issa gari ne na kan iyaka, a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina. Kaya iri-iri suna bi ta cikinsa, gulbinmu kuma daga Nijeriya yake fitowa, ya sake komawa can. Abin da aka jefa a ruwa a wuri ɗaya, na kowa ne. Don haka kada wanda ya kawo tsiron ruwa daga wata ƙasa ya sa a tabki, komai kyansa. Mai sayen ƴaƴan kifi don zubawa a tabki ko a kududdufinsa, ya duba jarka da kyau, ya tsince duk wata ciyawa ko katantanwa da ta biyo. Mai akwatin gilashi kuma, idan ya rage tsirransa, ya shanya su a rana su bushe, ya ƙone. Wanda ya ga ciyawa mai shuɗin fure tana yawo a kan ruwa, ya sanar da sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji a ranar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

CIYAWA, KATANTANWA DA TSARGIYA

Yanzu sai maganar lafiya. Har yau akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, ko zafin rana ne ya kawo shi. Ciwo ne, tsutsa ke kawo shi, kuma ga hanyarta. Mai tsargiya ya yi fitsari a tabki, ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Bayan mako 4 zuwa 6, dubban ƴan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito daga jikinta, mafi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga. Su girma a jijiyoyin jini na mafitsara, bayan wata biyu zuwa uku jini ya bayyana. Idan ciwon ya daɗe, yana rage jini, yana hana yaro girma da karatu, yana lalata mafitsara da ƙoda, yana kuma taɓa mahaifar mata. Akwai wani irinsa mai kama hanji da hanta, wanda ke bi ta bayan gida.

Ina katantanwar take zaune? A jikin ciyawa. Can take ci, can take ƙwai, can take ɓuya.

Abin da ya faru a ƙasar Sanagal ya isa misali. A 1986 aka gama madatsar Diyama a bakin kogin Sanagal, ruwan gishiri na teku ya daina hawowa, ciyayi suka yawaita, katantanwa ta biyo su. A 1988 tsargiyar hanji ta ɓulla a garin Rishar Tol, cikin ƴan shekaru ta kama mafi yawan mutanen wasu ƙauyuka. Daga wannan yanki kuma labari mai daɗi ya fito. A 2023 masana suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi a garuruwa 16. A guda 8 daga cikinsu an riƙa kwashe ciyawar nan mai laushi ta cikin ruwa daga mashigar da mutane ke wanka da ɗiban ruwa, har tan 430. Inda ba a kwashe ba, kamuwar ƴan makaranta da tsargiyar hanji ta kusa kai ninki ɗaya da rabi na inda aka kwashe. Ciyawar da aka fitar kuma ba ta tafi a banza ba: an yi taki da ita, albasa da barkono suka ƙara yabanya, an kuma haɗa ta cikin abincin dabbobi.

Ƙasarmu ta fara rabon maganin tsargiya, wato farazikantel, ga ƴan makaranta a 2004. Magani ne mai aiki, ana auna shi da tsawon yaro. Sai dai yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Yaron da ya koma ruwa mai katantanwa zai sake kamuwa. Dole magani da gyaran mashiga su tafi tare. Haka nan sauro: kifi yana cin tsutsarsa, amma a bakin tabki mai cunkoson ciyawa, da cikin sawun kofaton shanu, kifi ba ya isa gare ta.

AIKIN DA KE GABANMU

Ga shawarwarin da muke ba kowane gari mai tabki, da kowane mai kududdufin kifi:

1. A zauna da mai gari, sarkin ruwa, mata da makiyaya, a ware mashigar mutane dabam, ta dabbobi dabam.

2. A yi gayya a share mashigar mutane daga ciyawa, musamman ta cikin ruwa, a kuma maimaita duk lokacin da ta dawo. A yi aikin da sassafe, da manjagara mai dogon ƙota, a sa dogayen takalman roba da safar hannu. Kada a sa yara.

3. A kai ciyawar nesa da ruwa, a shanya har katantanwar ta mutu, sannan a zuba a ramin taki tare da kashin dabbobi da toka. Idan ta ruɓe, sai garkar noman rani.

4. A bar bado da burgu a gefen da mutane ba su shiga, don kifi ya samu wurin haihuwa. Kada ciyawar da ke saman ruwa ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tabki.

5. Mai haƙa kududdufin kifi ya kai zurfin mita ɗaya ko fiye, ya gyara bakinsa kada ya yi shimfiɗe, domin a ruwa marar zurfi ciyawa ke kafa saiwa. Ya gwada ruwan da hannu: ya tura hannu har gwiwa; idan tafin ya ɓace daidai nan, koren ruwan ya yi daidai. Idan ya ɓace tun a wuyan hannu, taki ya yi yawa, a dakatar da shi, a ƙara sabon ruwa.

6. A zaga tabki da asuba lokacin bazara. Idan kifi ya taso yana buɗe baki, a rage abinci, a rage ciyawa, a kama manyan a sayar kafin a yi asara.

7. Kada a yi fitsari ko bayan gida a tabki ko a bakinsa. Kowane gida ya haƙa salga.

8. Ruwan wanka da aka ɗebo daga tabki, a ajiye shi kwana biyu a randa kafin a yi amfani da shi. Tsutsar tsargiya ba ta wuce haka a raye idan ba ta samu jikin mutum ba. Ruwan sha kuwa na rijiya mai murfi ko na famfo.

9. Yaron da ke fitsarin jini, a kai shi gidan likita. Ranar rabon magani a makaranta, a ciyar da yara kafin su sha, kuma a kawo har waɗanda ba su shiga makaranta ba.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna da kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta cika da haki. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tabki aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa babu shi a Nijar. Mutanen ƙauye ne suka yi mafi yawan wannan aiki da hannunsu. Tsargiya ma tana da hanyar da take bi, mun kuma san inda za a datse ta.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, sannan su fita bakin tabki, kowa ya nuna ciyawar da ya sani da sunanta. Wanda ya iya rubutu ya rubuto mana abin da garinsu ya shawarta. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kare mana yaranmu, amin.